Jinjina ga Goggo Basilla, Mai Ɗinka Hanya a Ƙarƙashin Kafet

Ƙarar fashewar fitila ce ta fara isa kunnen Goggo Basilla, sai ihun mai kwalliya, sai muryar darakta yana ta "Kat! Kat!" kamar kyamarar ce ta ji ciwo. Goggo na bakin ƙofar ɗakin ɗaukar wasa, riƙe da takardun ritayarta, tawadar sa hannun ko bushewa ba ta yi ba. Ta watsar da su ta kutsa ciki.

Auta ce a ƙasa. Ƙatuwar fitilar nan mai dogon ƙarfe ta kife a gefenta, gilashi ya tarwatse a kan kafet, jini na bin girarta ta hagu. Ba kuka take ba. Tafin ƙafarta kawai take gogawa a ƙasa tana lalube, kamar wadda ta yar da wani abu mai daraja.

"Kar wanda ya ja ta, akwai gilashi!" in ji Goggo. "Auta, ni ce. Kar ki dafa ƙasa, miƙo hannu sama."

"Goggo, na bi hanya," Auta ta ce. "Wallahi na bi hanya. Taku tara, yadda muka saba."

Auta makauniya ce tun tana 'yar shekara shida, yanzu tana da ashirin da uku. Ita ce tauraruwar wasan da gidan talabijin ɗin ke nunawa duk mako, labarin wani tsoho mai gyaran agogo, mafaɗaci, wanda hannunsa ya fara rawa, da 'yar maƙwabtansa marar gani da ke shigowa shagonsa ta gaya masa agogon da ke ƙarya da jin bugunsa kawai. Shi ido, ita kunne, kullum faɗa, kullum tare. Jama'a sun ɗauki wasan da zafi, har ɗan wasan da ke fitowa a tsohon ya rasa sunansa na yanka, kowa sai Baba Mai Agogo.

Goggo ta ɗaga Auta cak ta miƙa wa mai kwalliya, sannan ta sunkuyar da kai ta dubi ƙasa. Furen da ke bakin kafet, wanda shekara biyu yana kallon ƙofa, yau bango yake kallo.

"Wa ya juya mini kafet?"

Darakta, matashi ne da bai cika wata guda da zuwa ba, ya sosa ƙeya. "Ni na sa. Tabon shayin nan ne ke fitowa a kyamara. Juyawa kawai aka yi fa, Goggo. Kafet ai kafet ne."

Goggo ta kama kusurwar kafet ɗin ta bankaɗe. A bayansa, igiyoyi ne sirara a ɗinke, layi-layi, da ƙulle-ƙulle da maɓallan riga, kamar taswirar gari.

Wannan shi ne aikin da masu kallo ba su taɓa gani ba. A takarda, Goggo mai jera kayan fage ce: kujera nan, tebur can, labule, kofi, agogon bango. Shekara ashirin da tara tana yi. Amma ɗan wasa dole ya tsaya daidai inda haske da kyamara ke jiransa, kuma masu ido ana manna musu 'yar alama ce a ƙasa su saci kallonta. Auta fa? Shi ne Goggo ta ɗauki basilla, ƙatuwar allurar ɗinkin buhu, ta ɗinka mata hanya a ƙarƙashin kafet, inda ido ba ya gani amma tafin ƙafa na ji. Igiya miƙaƙƙiya, ki bi. Ƙulli ɗaya, ki tsaya. Ƙulli biyu, ki juyo da fuska wajen kyamara. Maɓalli, akwai kujera taku ɗaya a gabanki. Da wannan Auta ke yawo a shagon Baba Mai Agogo ba sanda, ba lalube, har masu kallo na musu a gidajensu cewa yarinyar nan tana gani.

Kuma kullum da safe, kafin kowa ya iso, Goggo kan tuɓe takalmi, ta ɗaure idonta da ɗankwali, ta taka kowace hanya da ƙafarta. Mai gadi ya ce shekara biyu bai ga ta tsallake rana ɗaya ba. Sai yau, da aka tare ta tun daga bakin get aka ce ofis na nemanta ta sa hannu.

Manaja ya shigo da sauri, babbar rigarsa na jan iska. Ya dubi fitila, ya dubi jini, ya dubi agogon hannunsa.

"Abin da nake gudu ke nan tun farko," ya ce. "Yau gira ce, gobe fa? Darakta, me ka ce mini makon jiya?"

Darakta ya yi ƙasa da murya. "Na ce da za a samu mai gani a sa mata baƙin tabarau, aiki zai fi sauri."

"To a nemo tabarau."

"Ranka ya daɗe," in ji Goggo, "tabarau ne ya juya kafet?"

"Goggo, kar mu yi haka da ke. Saura kwana goma sha ɗaya ki tafi ki huta."

"Shi ya sa. Ba zan tafi in bar ta a bakin titi ba. Laifin na mutum biyu ne, ni da yaron nan, kuma dukanmu idonmu biyu-biyu. Ka ba ni zuwa ƙarfe huɗu."

Manaja ya ja dogon numfashi. Wannan fitowar ita ce zuciyar shirin makon: tsoho zai yanke jiki ya faɗi, yarinya za ta ji daga bakin ƙofa, ta sheƙo a guje, ta kewaye tebur, ta durƙusa ta tallabe kansa, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. "Ƙarfe huɗu," ya ce. "In ba ta yi ba, ko ta sake faɗuwa, shi ke nan. Ba ni da wata magana."

Sha biyu da rabi ta wuce.

Goggo ta shafa kafet ɗin da bayan hannu, ta ji ƙananan gilasai sun nutse cikin gashinsa. Ko an share sau goma, ba za ta yarda ƙafar mutum ta hau shi ba. Ta miƙe ta nufi bene. Bayan minti biyar sai ga ta da mai kyamara da mai ɗaukar murya suna saukowa da kafet naɗe a kafaɗa, sakatariya na biye da su tana salati.

"Na ofishin manaja ne fa!"

"Shi ya ce ƙarfe huɗu," in ji Goggo, "bai ce da wane kafet ba."

"Amma wannan ja ne, wancan shuɗi," darakta ya ce. "Masu kallo za su gane."

Baba Mai Agogo, wanda tun ɗazu yake zaune yana jinjina kai, ya ce, "Kai yaro, sai in ce na sayi sabo. Auta kuma ka bar ta, ba za ta rasa abin da za ta yaɓa mini ba."

Aka kife kafet a ƙasa. Goggo ta auna da ƙafa, ta ja layi da alli, ta zare basillarta daga gefen zani. Yatsunta sun fara sandarewa da shekaru, sai mai kwalliya ta zauna tana zura mata zare, mai ɗaukar murya na danne igiya, mai kyamara na faɗin inda haske zai sauka. Da ta kai rabi, ta miƙa wa darakta basillar.

"Ni? Ban iya ba."

"Ka iya juyawa ai. Soka nan, ja ta can. Bari in je in ga ƙawata."

A ɗakin kwalliya ta sami Auta, an manna mata filasta a gira, ta haɗe ƙafafunta a kan kujera, ta ƙi sauke su ƙasa.

"Tsohuwa, na ji tafiyarki," in ji Auta. "Ba sai kin ɓata bakinki ba. Su sa mai tabarau ɗin."

"Au, haka? Ta riƙa kaɗa hannu a iska tana kallon silin kamar mai kamun sauro? Ke kika ce mini tun kina yarinya in aka faɗa miki yadda masu ido ke kwaikwayon makafi sai ki ji kamar ki fasa akwatin talabijin."

"Goggo, ba za ki gane ba. Mutum ya yi mini ƙarya, na saba. Direba ya ce mun iso alhali ba mu iso ba, na saba. Amma ƙasa? Ƙasa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai yau. Na sake jiki na ruga, ita kuma ta kai ni ga ƙarfe."

Goggo ta zauna a gefenta. "Ba ƙasa ba ce, ni ce. Yau ban taka ba. Suka ce takarda, na bi takarda. Mahaifina shekara goma sha ɗaya ya yi ba ya gani kafin ya rasu, kuma doka ɗaya ce a gidanmu, abin da ka ɗauka ka mayar inda ka same shi. Na san dokar tun kafin a haifi uwarki, kuma yau na karya ta. Ki yafe ni."

Auta ta ce, "Na yafe. Amma nan da kwana goma sha ɗaya fa? Wa zai taka kafin ni?"

Nan ne gizo ke saƙar, kuma Goggo ta sani. Ta ɗan jima tana murza zare tsakanin yatsunta. Sai ta miƙe zumbur.

"Kuskurena ke nan tun farko. Na ɗinka miki hanya, ban ɗinka miki yadda za ki kama ta in ta yi ƙarya ba. Taso."

"Ina?"

"Taso, raguwa. Ko sai na goya ki?"

A bakin ƙofar shagon wasan, daidai inda babban yatsan ƙafar dama zai fara sauka, Goggo ta ɗinka ƙulli uku a jere, manya, waɗanda babu irinsu ko'ina a kafet ɗin. Aka juya shi aka shimfiɗa. Ta kamo ƙafar Auta da hannunta ta ɗora a kai.

"Kin ji su?"

"Uku."

"In kin zo kin same su, hanya na nan yadda kika san ta. In ba ki same su ba, an taɓa miki kafet. Ki tsaya ƙyam. Ko mai gidan talabijin ɗin ne da kansa ya ce ki taho, ki ce masa ya zo ya taka. Ba kya buƙatar wata tsohuwa ta rantse miki, ƙafarki ce shaidarki."

Auta ta murza ƙulle-ƙullen da yatsa, amma ba ta ɗaga ƙafa ba. Uku da kwata ta yi.

Goggo ta juya ga darakta. "Cire takalmi."

"Goggo, lokaci..."

"Rabin hanyar nan ɗinkinka ne. Mai abinci shi ke fara ɗanɗanawa. Har safa."

Ta kwance ɗankwalin da ke kafaɗarta ta ɗaure masa ido tam. Mutumin da ke ba da umarni da ihu ya koma kamar ɗan tatata. Taku ɗaya, ya tsaya. Taku biyu, ya miƙa hannu gaba. A na huɗu ya saki igiya ya daki tebur da ƙauri, ya ce "Wash!" da ƙarfi har sai da mai ɗaukar murya ya cire abin kunnensa.

Sai aka ji dariya daga bakin ƙofa. Auta ce. "Darakta, ko in ara maka sandata?"

"Ki taimaka, 'yar'uwa, ina nake?"

"Kana gaban tebur kana ba mu kunya. Ja ƙafar hagu baya. Ƙara. Ka ji ta? To kar ka ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kwata, goga za ka yi."

Ta bi bayansa tana yi masa tsiya, tana gyara masa taku, ba ta ankara ba sai ga su duka biyun a kan ƙulli biyu na ƙarshe. Darakta ya kwance ɗankwali, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya dubi nisan da ya yi, taku tara kacal, ya dubi Auta.

"Wannan kike yi a guje?"

"Da magana a bakina, kuma ina kuka."

Ya sunkuyar da kai. "Goggo, ƙarfe nawa kike zuwa takawa da safe?"

"Shida da rabi."

"Gobe ki same ni a nan."

Huɗu saura minti goma manaja ya shigo, ya ga kafet ɗinsa, ya buɗe baki, ya rufe. Aka kunna fitilu. Goggo ta koma bayan kyamara inda ta saba tsayawa, ta dunƙule basilla a hannu har tana sukar tafinta ba ta ji ba.

"A fara!"

Baba Mai Agogo ya ɗaga wani agogo, hannunsa na karkarwa, ya saki, ya sulale daga kujera. Auta na bakin ƙofa. Goggo ta ga babban yatsan ya laluba, ɗaya, biyu, uku. Sai yarinyar ta cilla kamar an harba kibiya. Ta kewaye tebur ko gefen rigarta bai taɓa shi ba, ta zube a kan gwiwa, ta tallabe kan tsohon, fuskarta tsaf cikin haske.

"Baba! Baba, ka tashi! Wallahi in ka mutu ban yafe ba, wa zan riƙa yi wa faɗa?"

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. Wannan ba ya cikin rubutu: "Ki yi a hankali, 'yar nan, sabon kafet na saya."

Hawaye na zuba, ta ce, "Wa ka saya wa, ni ko agogunan?"

Darakta ya manta bai ce a tsaya ba, sai da mai kyamara ya zungure shi. Da manaja zai fita, ya ce wa sakatariya a mayar da tabarau inda aka samo shi, kuma a nemo masa wani abin shimfiɗa, don ya ga alama wancan ya tafi ke nan.

Goggo Basilla, wannan rana ɗaya ce daga cikin shekara ashirin da tara, kuma ita ce kawai aka yi a gaban mutane. Sauran sai an tambaya. Mai kyamara ya ce ke ce kika tsaya a ofis shekara biyu da suka wuce, lokacin da ake neman wadda za ta kwaikwayi makanta, kika ce ga makafi na gaske a gari, ku ba ni mako biyu da kafet ɗaya. Kafinta ya ce ke ce kika sa ya rushe ƙofar wani fage sau biyu saboda keken guragun da wani ɗan wasa ke hawa yana gogar katako, kika ce mutum ba ya shiga ɗakinsa a karkace. Mai kwalliya ta ce akwai dattijuwar da ta yi wasa da hannu ɗaya, kuma wata shida kina juya mata hannun kowane kofi zuwa hagu, har aka gama ba ta san wani ne ke yi ba. Mai gadi kuwa ya ce wata mata ta zo bakin get ta ce a gaya wa masu wasan agogo, tun da ta fara kallo ta daina kulle ɗanta marar gani a ɗaki in za a yi baƙi, kuma yanzu shi da kakansa ba a jin kansu. Ba ta san da ke ba. Sunanki yana wucewa ne a ƙarshen shiri, cikin ƙananan baƙaƙe, lokacin da kowa ya miƙe.

Ke ce basilla, kina shiga ta ƙasa ki fito ta ƙasa, ɗinki ya riƙe ba a ga inda kika bi ba. Ke ce kika nuna cewa tausayi na baki ba ya kai makaho ko'ina, a gyara masa ƙasa a matsa gefe, zai kai kansa. Kuma da kika yi kuskure, ba ki laɓe bayan shekarunki ba, kin faɗa da bakinki a gaban sa'ar 'yar cikinki. Mun gode, Goggo. Allah ya saka, ya ba yatsun nan lafiya. Masu shirya wasanni kuma, da duk mai gida ko ofis ko aji da wani mai larura ke shiga, ga aiki nan an nuna muku. Kafin ku ce ba zai iya ba, ku tuɓe takalmi ku taka inda kuke so ya taka.

Ranar ƙarshe, da hantsi, aka taru a ɗakin ɗauka ana sallama. Goggo ta rataya jakarta, Auta na riƙe da hannunta tana cewa ita fa ba ta ga abin kuka ba, tsohuwa ce za ta tafi ta addabi jikoki. Sai ƙofa ta buɗe. Wani dogon mutum ya shigo, zai yi shekara arba'in, da takarda a hannu.

"Sannu da zuwa, malam. Wa kake nema?" in ji darakta.

Mutumin bai waiwaya ba. Darakta ya ɗaga murya, shiru. Sai da ya sha gabansa, sannan baƙon ya yi murmushi, ya nuna kunnensa, ya girgiza kai, ya shiga magana da hannuwa, da sauri, kamar ruwa. Ya miƙa takardar.

Darakta ya karanta, ya sake karantawa. Daga manaja ne. Tunda abin ya karɓu, in ji shi, ga sabon ɗan wasa, kurma ne, zai fito a ɗan Baba Mai Agogo da ya dawo daga tafiya. Fitowarsa ta farko ranar Litinin, shi da Auta, su biyu rak, cacar baki ta minti biyar.

Kowa ya dubi hannuwan da Auta ba za ta gani ba, ya dubi bakin da baƙon ba zai ji ba.

"Me ya sa kuka yi shiru?" in ji Auta. "Goggo, wa ya shigo?"

Goggo ta sauke jakar daga kafaɗa, ta ajiye a kan tebur.

"Aiki ne ya shigo," ta ce. "Ku jawo masa kujera."